Tirela Mai Siffar Ɗigon Hawaye: Kimiyyar Da Ke Cikin Ginin Ɗakin Tafiya Na Iyali

GABATARWA

A ƙasar Amurka, da wasu ƙasashe irin su Kanada da Ostireliya, akwai al'adar da iyali kan bar gida lokacin hutu su tafi daji ko bakin tafki ko gindin duwatsu, su yi kwana biyu ko mako guda suna shaƙatawa. Wasu kan kafa tanti, masu hali kuwa kan sayi babbar mota mai ɗakuna a ciki. Tsakanin waɗannan biyu akwai wata 'yar tirela wadda ko ƙaramar mota tana iya jan ta. Gabanta a kumbure yake, bayanta kuma a tsuke, shi ya sa suka yi mata laƙabi da ɗigon hawaye. Cikinta shimfiɗar kwana ce kawai, can baya kuma akwai madafi wanda ake ɗaga murfinsa a yi girki a tsaye daga waje. Da yawa daga cikin masu irin wannan tirela ba saya suka yi ba, da hannunsu suka gina ta a gareji ko a harabar gida.

Mai karatu yana iya tambaya, me ya haɗa malamin ilmin halittu da aikin kafinta da mai walda? Amsar ita ce, kusan duk wata matsala da mai ginin zai ci karo da ita, darasi ce da ɗalibin sakandare ya riga ya gani a aji: siffar jikin kifi, tsarin itace, ma'aunin nauyi, numfashi, da rayuwar funfuna. Bugu da ƙari, kuskure a biyu daga cikin waɗannan, watau rabon nauyi da shigar iska, yana iya jawo asarar rai. Saboda haka wannan maƙala za ta bi ginin daki-daki, tana bayyana dalilin kowane mataki.

TAƘAITACCEN TARIHI

A shekarun 1930 ne wannan tirela ta fara yaɗuwa a Amurka. Lokacin ana fama da matsin tattalin arziki, motoci kuma ba su da ƙarfin jan kaya mai nauyi, sai mujallun masu sana'ar hannu suka riƙa buga zanen yadda mutum zai gina abarsa da kuɗi kaɗan. Bayan da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, sai abin ya ƙara bunƙasa, domin an sami rarar kayan yaƙi da araha, musamman fallayen alminiyam na jiragen sama da ƙafafun motocin soja. A watan Satumba na 1947 mujallar Mechanix Illustrated ta buga wani tsari na tirelar mutum biyu wanda ya shahara ƙwarai, har yau ma masu gini suna komawa gare shi. A shekarun 1960 sai yayinta ya ja baya, saboda motoci sun ƙara ƙarfi, jama'a suka koma ga manyan tireloli. Daga ƙarshen shekarun 1990 ta sake farfaɗowa, lokacin da masu sha'awarta suka sami damar musayar zane da shawara ta intanet.

Girman da aka fi sani da ita shi ne faɗin ƙafa 4, tsawon ƙafa 8, tsayin ƙafa 4. Ba wani lissafi mai zurfi ya kawo haka ba, illa dai shi ne girman fallen katakon nan mai hawa-hawa da kafintoci ke kira filawud, watau santimita 122 da santimita 244. Falle ɗaya ya zama daɓe, ɗaya bangon dama, ɗaya bangon hagu, ba a yi asarar katako ba. Irin wannan takan yi nauyin da bai kai kilogiram 500 ba.

ME YA SA AKA ZAƁI WANNAN SIFFA?

Da farko ya kamata mu gyara wani kuskure da ya zama ruwan dare. Ɗigon ruwa da ke faɗowa daga sama ba shi da wutsiya kamar yadda ake zana shi. Idan ƙarami ne, wanda bai kai milimita 1 ba, a mulmule yake kamar ƙwallo. Idan ya fi haka girma sai iska ta danne ƙasansa ya baje kamar waina, in kuwa ya wuce milimita 5 sai ya tarwatse. Siffar da muke kira ta ɗigon hawaye ana ganinta ne kawai daidai lokacin da ruwa ke rabuwa da bakin famfo, ko yake gangarowa a kumatu. Inda ake samun ainihin siffar kuwa shi ne jikin halittu masu gudu a cikin ruwa da iska.

Dubi tsage, kifin nan na kogunanmu mai farautar 'yan'uwansa, ko tsattsewa idan ta tsuke fukafukanta. Kai a dunƙule, jiki ya yi kauri kusa da gaba, sannan ya riƙa sirancewa sannu a hankali har wutsiya. Haka jikin kifin tuna na teku yake, haka na dolfin, ko da yake shi dolfin ba kifi ba ne, dabba ce mai shayarwa. Halittun da ba su haɗa dangi na kusa ba sun yi tarayya a siffa ɗaya domin matsalarsu ɗaya ce. Tun a 1809 wani masani ɗan Ingila, Sir George Cayley, ya auna jikin wani kifin kogi da ake kira tirawut yana neman siffar da ta fi ratsa iska cikin sauƙi, kuma abin da ya zana ya yi kusa ainun da siffar fiffiken jirgin sama da injiniyoyi suka gano bayan fiye da shekara 100.

Ga yadda abin yake. Duk abin da ke tafiya cikin iska sai ta yi masa turjiya. Yawancin mutane suna zaton a gaba matsalar take, amma babban ɓangarenta a baya yake. Idan bayan abu a yanke yake kamar akwati, iskar da ta bi gefensa ba ta iya lanƙwasowa ta cike gurbin nan take, sai ta rabu da jikinsa ta hargitse ta zama 'yan guguwoyi. A wannan wuri matsin iska yakan yi ƙasa. To, ga matsi mai yawa a gaba, ga kaɗan a baya, sai bambancin ya riƙa jan abin baya. Wanda ya taɓa ganin yadda ƙura ke bin bayan babbar mota har ta lulluɓe ƙofarta ta baya, ya ga wannan hargitsi da idonsa. Amma idan bayan abin ya sirance a hankali, iskar takan manne da jikinsa ta tafi har ƙarshe, hargitsin ya ragu, turjiyar ma ta ragu. Masu ƙera motoci sun daɗe da sanin haka. A 1921 Edmund Rumpler ya nuna wata mota a Balin ta ƙasar Jamus mai wannan siffa, wadda sunanta da Jamusanci ke nufin motar ɗigo.

Turjiyar iska ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu. Idan aka ninka gudu sau 2, turjiya takan ninku sau 4. Watau motar da ta tashi daga kilomita 50 a awa zuwa 100, turjiyar da take fuskanta ta ninku sau 4, ƙarfin da inji zai bayar don ya rinjaye ta kuwa ya ninku sau 8.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, daga ƙinta sai ɓata: wannan tirela ba ta kai kifi ba. Jikin kifi mai gudu tsawonsa yakan ninka kaurinsa sau 4 zuwa 5, ita kuwa sau 2 ne kacal, gefunanta kuma a miƙe suke. Har ila yau, tana tafiya ne cikin iskar da motar gabanta ta riga ta hargitsa. Babbar ribarta ita ce ƙanƙanta. Fuskar da take tarar iska da ita ba ta wuce murabba'in mita 1.5 ba, alhali tirela mai faɗin mita 2.4 da tsayin mita 2.5 tana da murabba'in mita 6. Ƙaramar takan ɓuya a bayan motar, babbar kuwa ta zarce ta sama da gefe.

FIRAM DA RABON NAUYI

Ginin yana farawa ne daga firam na ƙarfe, wanda shi ne ƙashin bayan tirelar. Wasu kan sayi wanda aka riga aka ƙera, wasu kan ba mai walda. A gaba akwai dogon wuya da ake maƙalawa a ƙugiyar mota, a ƙasa kuma akwai sandar ƙarfe mai riƙe da tayoyi biyu, watau aksil, tare da sifirin. A nan ne mai gini zai yanke shawarar da ta fi kowace muhimmanci: a ina za a ɗaura aksil?

Duk wanda ya san amalanke ya san amsar. Idan aka jibga kaya a bayan tayoyi, sai gaba ya ɗaga, har jaki ya rasa inda zai kafa ƙafa. Idan kuma aka tara su a gaba, sai su danne shi ya kasa tafiya. Ka'idar da masu jan tirela ke bi ita ce, nauyin da wuyan tirela ke ɗora wa ƙugiyar mota ya kasance kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na dukan nauyinta. Wannan yana samuwa ne idan cibiyar nauyi ta kasance gaban aksil kaɗan.

Bari mu yi lissafi. A ce tirela da kayanta sun kai kilogiram 500, tsakanin ƙugiya da aksil kuma mita 3 ne, cibiyar nauyi tana santimita 36 gaban aksil. Nauyin da ke kan ƙugiya shi ne 500 sau 0.36 a raba da 3, watau kilogiram 60. Wannan kashi 12 ne cikin 100, ya yi daidai. To, a ce ranar tafiya maigida ya ƙara jarka biyu na ruwa, kilogiram 40, a madafi, mita 1 bayan aksil. Wannan zai rage nauyin ƙugiya da 40 sau 1 a raba da 3, watau kimanin kilogiram 13. Saura 47 ke nan cikin 540, wanda bai kai kashi 9 cikin 100 ba. Jarka biyu kacal sun fitar da tirelar daga ka'ida. Da yake madafi a baya yake, kuma a nan kaya masu nauyi ke taruwa, shi ya sa ake matsar da aksil ɗin wannan tirela baya fiye da tsakiyar jikinta.

Me zai faru idan gaba ya yi sauƙi? Da zarar gudu ya yi yawa, iskar babbar mota ko wani ɗan rami sai ya karkatar da tirelar, ta fara reto dama da hagu kamar wutsiyar kifi, kowane reto ya fi na bayansa, har ta fizge bayan motar. Abin da ya kamata direba ya yi shi ne ya ɗaga ƙafa daga totur, ya riƙe sitiyari sosai, kada ya taka birki da ƙarfi. Idan kuma nauyin ƙugiya ya yi yawa, sai bayan mota ya nutse, tayoyin gaba su rage kama ƙasa, sitiyari da birki su yi rauni. Ana iya auna nauyin wuyan ƙaramar tirela da sikelin da mutum ke hawa ya ga nauyinsa, kuma ya kamata a auna bayan an gama lodi, ba tun tana fanko ba.

Akwai kuma sarƙa biyu da ake ɗaurawa daga wuyan zuwa mota, a gitta su a ƙarƙashinsa, domin in ƙugiya ta kuɓuce su tallafe shi kada ya soki kwalta. Ana duba boris na tayoyi a sa masa giris kafin doguwar tafiya. A ƙasashen Turai, dokar ita ce tirelar da ta wuce kilogiram 750 sai an sa mata birki nata na kanta.

DAƁE DA BANGO DA RUFI

Bayan firam sai daɓe, wanda ake shafe ƙasansa da kwalta ko fenti mai hana ruwa shiga kafin a ɗaure shi da noti. Daga nan sai a zana siffar ɗigon a jikin falle, a haɗa falle biyu a yanke su tare don su yi daidai da juna, a fitar da ƙofofi. Idan an tsayar da bangayen biyu sai a gitta sanduna tsakaninsu, kimanin santimita 30 tsakanin kowace da 'yar'uwarta, tamkar haƙarƙari. A kansu ne ake lanƙwasa siririn filawud mai kaurin milimita 3 ya zama rufi.

Me ya sa aka fi son filawud a kan falankin katako? Itace, kamar yadda muka sani, tarin ƙwayoyin halitta ne dogaye masu kama da bututu, waɗanda suke ɗaukar ruwa daga saiwa zuwa ganye lokacin da bishiya ke raye. Bangonsu na zaren selulos ne, wani sinadari mai suna lignin kuma ya ɗaure su. Saboda duk sun fuskanci gefe ɗaya, katako yana da ƙarfi a tsaye amma yana tsagewa cikin sauƙi, kamar yadda mai faskare ya sani. Haka kuma yakan kumbura ko ya tsuke ta faɗinsa idan laima ta sauya. A filawud, ana jera sirara-siraran fallaye ne kowane ya gitta wa na ƙasansa, a manne da gam. Ta haka ƙarfin ya rarrabu ta ko'ina, tsagewa da kumburi kuma suka ragu.

Masu son rage nauyi ba sa amfani da falle mai kauri. Sukan sa siririn falle a waje, siriri a ciki, su cike tsakani da farin soson nan mara nauyi irin wanda ake kunshe rediyo ko talabijin a cikin kwali. Yaron da ya taɓa ƙera motar kara ya san wannan dabara, ko da bai san sunanta ba. Karan dawa sille ne mai tauri a waje, totuwa mai taushi a ciki. Sille shi kaɗai lanƙwashewa yake yi, totuwa ita kaɗai karyewa take yi, amma a haɗe suna ɗauke da zangarniya cikin iskar damina. Dalili shi ne, idan aka lanƙwasa abu, fatar waje ce ke shan ja ta gefe ɗaya da matsi ta ɗaya gefen, tsakiya ba ta shan wahala sosai, aikinta kawai ta riƙe fatun biyu nesa da juna. Ƙasusuwan fiffiken manyan tsuntsaye ma haka suke, rami ne a ciki da 'yan tokare. Soson yana da wani amfanin kuma: iskar da ke kulle a cikinsa tana hana zafi da sanyi ratsawa.

A ƙarshe sai a lulluɓe waje da fallen alminiyam mai kaurin kimanin milimita 1. A nan ma akwai abin lura. Alminiyam yana miƙewa da zafi fiye da katako. Falle mai tsawon mita 3, idan zafinsa ya ƙaru da digiri 40 a ma'aunin Selshiyos, yakan ƙara kusan milimita 3. In an manne shi ko'ina da ko'ina sai ya yi tudu-tudu, saboda haka masu gini da yawa sukan riƙe shi ta gefuna kawai. Wanda ba shi da kuɗin alminiyam yakan manna zane mai kauri irin na tanti da gam, ya bi shi da fenti hawa-hawa har ya zama fata mai hana ruwa.

NUMFASHI A ƘARAMIN ƊAKI

Yanzu mun zo wurin da mai gini mai ƙwazo ya fi faɗawa haɗari. Tsoron yoyo yakan sa ya toshe kowace kafa da roba da gam, har ɗakin ya zama kamar tulu mai murfi. Bari mu ga abin da hakan ke nufi.

Wurin kwanan ƙaramar tirela yana ɗaukar iska kimanin lita 2,600. Babban mutum da ke hutawa yana shaƙar oksijin kusan mililita 250 a minti ɗaya, yana fitar da iskar kabon dayoksaid kusan mililita 200. Mutum biyu ke nan suna fitar da lita 24 a awa ɗaya, watau kusan kashi 1 cikin 100 na iskar ɗakin. A waje, kabon dayoksaid kimanin kashi 0.04 cikin 100 ne na iska. Da ɗakin a toshe yake ƙwarai, cikin awa 8 sai ya kai kusan kashi 7. Tun kafin nan mutum zai fara haki da ciwon kai, idan kuwa ya kai kashi 7 zuwa 10 ana iya suma. Babu ɗakin da ke toshewa ɗari bisa ɗari, mai barci ma ba ya kai mai farke fitar da iskar, amma lissafin ya isa ya nuna mana cewa tazarar ba ta da yawa. Idan aka ƙara yara biyu a ciki kuwa sai ta ƙara raguwa.

Maganin shi ne kafa biyu, ɗaya ƙasa ɗaya sama. Iskar da jiki ya ɗumama ba ta kai mai sanyi nauyi ba, sai ta tashi ta fita ta kafar rufi, sabuwa ta shigo ta taga. Yawanci akan sa ƙaramar fanka a kafar rufin, mai aiki da batir mai ƙarfin bolt 12 wanda farantin hasken rana ke caji. Masu hankali sukan bar wata kafa wadda ba ta rufuwa sam, don kada mantuwa ta yi ɓarna. Kowace kafa a sa mata ragar sauro.

Wadda ta fi wannan haɗari ita ce iskar kabon monoksaid, wadda ke fitowa idan gawayi ko kananzir ko gas ko fetur ya ƙone a inda oksijin bai wadata ba. Ba ta da launi, ba ta da wari. Idan ta shiga jini takan kama himogulobin, sinadarin nan da ke ɗaukar oksijin a jajayen ƙwayoyin jini, kuma kamunta ya fi na oksijin ƙarfi fiye da sau 200. Sai jini ya riƙa zagayawa ba tare da kai wa ƙwaƙwalwa abin da take bukata ba. Mai farke zai ji ciwon kai da jiri da tashin zuciya, mai barci kuwa ba lalle ya farka ba. Wannan ne ya sa ajiye madafi a waje, da bango tsakaninsa da wurin kwana, ya zama mafi hikimar abin da ke cikin tsarin wannan tirela. Ba a shigar da risho ko fitilar kananzir ciki don jin ɗumi, kuma akan rataya 'yar na'urar da ke ƙara idan ta ji wannan iska. Darasin bai tsaya kan masu tirela ba. Shi ne dai haɗarin kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu, ko tayar da janareta a cikin gida ko dab da taga.

LAIMA DA FUNFUNA

Abin da ya fi kashe irin wannan tirela ba haɗarin hanya ba ne, ruɓewa ce. Ruwa yana zuwa ta hanya biyu. Na waje yakan shigo ta mahaɗar murfin madafi, da gefen ƙofa, da ramin kowace kusa. Na ciki kuwa daga jikinmu yake: mutum biyu a dare ɗaya suna fitar da tururin da ya kai kimanin rabin lita ta numfashi da fata. Idan tururin ya taɓa wuri mai sanyi sai ya koma ruwa, kamar yadda raɓa ke kwanciya a jikin kwalbar ruwan sanyi. Wurin da aka fi samunsa shi ne ƙarƙashin katifa, shi ya sa ake ɗaga ta a kan sanduna ko raga don iska ta ratsa.

Katako ba ya ruɓewa don kansa. Wasu halittu ne dangin funfuna da naman kaza suke cin sa. Irinsu yana yawo a iska ko'ina, idan ya sauka a kan jiƙaƙƙen katako sai ya fitar da zare sirara su kutsa ciki, suna zubo sinadaran da ke narkar da selulos da lignin. Suna bukatar abinci da iska da ɗumi da ruwa. Uku na farko ba yadda za a yi da su, ruwa kaɗai ake iya hana su. Katakon da laimarsa ba ta kai kashi 20 cikin 100 ba, ba ya ruɓewa. A tuna kuma cewa bututun da muka ambata suna nan a buɗe a duk inda zarto ya yanka, suna zuƙar ruwa kamar lagwani. Don haka bakin kowane falle ya fi fuskarsa bukatar a shafe shi sau da yawa kafin a haɗa.

IDAN DON IYALI CE

Asalin tsarin na mutum biyu ne. Mai iyali yakan faɗaɗa zuwa ƙafa 5 da ƙafa 10, ya gitta ɗan gado a sama daidai ƙafafun iyaye, da tokare don kada yaro ya faɗo, ko kuwa ya haɗa tanti a gefe don manyan yara. Duk ƙarin da aka yi sai an sake lissafin nauyi da na iska. Kaya masu nauyi a ajiye su ƙasa kusa da aksil, domin idan cibiyar nauyi ta yi sama tirela takan yi saurin kifewa a kwana. A yi ƙofa biyu, kowace tana buɗuwa daga ciki da hannun yaro. Ba a barin yaro a ciki da rana ƙofa a rufe, domin jikin yaro ya fi na babba saurin ɗaukar zafi. Ba a kuma ɗaukar kowa a cikinta idan ana tafiya.

GWAJI DON AJI

Malamai suna iya nuna waɗannan abubuwa ba tare da kashe kuɗi ba.

1. A kunna kyandir, a tsayar da kwali mai faɗin santimita 5 a gabansa, a hura. Harshen wutar zai karkato wajen kwalin, alamar ƙarancin matsi a bayansa. Sai a lanƙwasa takarda ta yi siffar ɗigo, tsininta yana duban kyandir, a sake hurawa. Wannan karon wutar za ta kauce gaba ko ta mutu.

2. A ɗora rula a kan fensir a matsayin aksil, a riƙa matsar da ɗan dutse gaba da baya, ɗalibai su ji yadda nauyin da ke kan yatsan da ya tallafi gaban rular ke sauyawa.

3. A tsoma guntun katako biyu a ruwa mai tawada, ɗaya ta bakin yanka, ɗaya ta gefe. Bayan awa ɗaya a tsaga su a kwatanta inda tawadar ta kai.

4. A auna tsawo da faɗi da tsayin ɗakin kwanan ɗalibai, a ƙirga masu kwana a ciki, a maimaita lissafin kabon dayoksaid da muka yi.

KAMMALAWA

Mun ga cewa siffar da ta ba wannan tirela suna ita ce mafi ƙarancin abin da lafiyar iyali ta dogara a kai. Abubuwan da ido ba ya gani su ne masu hukunci: santimita 36 da ke tsakanin cibiyar nauyi da aksil, 'yar kafar da aka bari a rufi, da fentin da aka shafa a bakin falle kafin a rufe shi. Kafinta da mai walda suna iya haɗa jikinta cikin 'yan makonni, amma wanda ya san dalilin kowane mataki shi ne zai iya sauya tsarin ya dace da iyalinsa ba tare da ya jefa su cikin haɗari ba. Muna fata ɗalibai za su gwada lissafi na huɗu a ɗakunan da suke kwana, su kuma tattauna sakamakon da malamansu.